Baffan da Na Ɗauko Daga Kumasi

Tun a iyaka ta biyu na fara zagin Alhaji Garba na Lakwaya a zuciyata, kuma har na dawo gida ban ba shi hutu ba. Kwana biyu ina zaune a kan buhun albasa, ƙafata ta kumbura kamar burodi, ga wani ɗan kamasho ya karɓe min katin rigakafi wai zai je ya sa a buga hatimi. Ya shige bayan wata rumfa, har yau ina jiransa. Ni Nazifi fa, mai cajin waya a tashar Gwarzo, wanda duk ɗan iskan tashar ya san ba a yi min wayo. Ni aka yi wa haka da rana tsaka, ina ma ce masa na gode.

Bari ku ji abin da ya fito da ni. Ƙanwata Rabi ce za ta yi aure. Yaron sunansa Auwalu, ɗan Lakwaya, shi ba ruwansa, suna son juna. An kawo gaisuwa, komai lafiya, sai baffansa, wannan Alhaji Garba, ya ce a dakata a yi bincike. Binciken nasa duk ya ƙare a tambaya ɗaya: wa zai yi walicci? Kun san a wajenmu uba ba ya tashi a gaban jama'a ya ba da 'yarsa da bakinsa, wansa ko ƙanensa yake wakiltawa. To Babana ba shi da kowa ta wajen uba. Kakata Inna Kulu ta dawo Masanawa da shi a goye shekarar da aka kori baƙi daga Gana. Ta ce ubansa Idi mai goro ne a Kumasi, yana daji wajen sayen kaya aka loda su a mota, zai biyo su. Bai biyo ba. Ta rasu tana cewa haka. Shekara hamsin da ɗoriya ana kiran Babana Ɗan Kurmi, wasu da wasa, wasu da nufi.

A zaurenmu Alhaji Garba ya gyara malum-malum ya ce, "Malam Sale, ba wai zargi muke ba. Amma a ce mutum ba wa, ba ƙane, ba gwaggo, ba ko wanda ya ci goron auren iyayensa? Ka dai duba mana."

Baba tela ne, tsinin allura ya cinye masa yatsa wajen ciyar da mu. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Haka ne, Alhaji."

Wannan "haka ne" ita ta sa na sayar da janaretana na hau mota.

A Akara aka nuna min ofishin da ake ajiye takardun aure. Na sha layi har azahar. Matar da ke kan tebur ba ta wulaƙanta ni ba, ta dai tambaye ni lambar takarda da gunduma da shekara. Na haɗa mata Turancina na aji huɗu na ce ba ni da ko ɗaya, amma sunan ango Idi, amarya Kulu. Ta dube ni kamar ta ba ni sadaka. Ta ce auren mutanenmu na wancan lokaci da wuya a kawo shi ofis, a ƙofar gida ake ɗaura shi a raba goro a watse. Na ce to ƙidaya fa, ai an taɓa ƙirga mutanen ƙasar nan, kakana yana ciki. Ta ce ƙidaya adadi take bayarwa, ba a ba kowa sunan kowa. Na ce madalla, wato kakana yana nan cikin lissafi, sai dai ban san ko shi ne na nawa ba.

Ina fitowa wani mai jar hula ya tare ni da Hausa tas. "Ɗan uwa, daga Kano? Waɗannan ba za su duba maka ba. Ni ina da yaro a ɗakin ajiya." Ya rubuta sunayen, ya ce in jira a gindin bishiya. Kafin la'asar sai ga shi da takarda ta yi ja, gefenta a yage, da hatimi har biyu. Idi da Kulu, ɓaro-ɓaro. Sai na kai ta kusa da fuska na ji ƙamshin ganyen shayi. Na duba ƙasa, ga lambar wayar hannu an buga.

Na ce, "Oga, wannan takardar ta girmi Babana ko?"

"Ta girme shi mana."

"To lambar wa ce wannan? Kira min in gaisa da wanda yake da salula tun kafin a haifi Babana."

Ya karɓa ya duba, ko kunya babu, ya ce, "Kai, yaron nan ya cuce ni. To kawo na shayin da aka jiƙa ta."

Abin da na faɗa masa ba zai rubutu ba.

Kumasi na isa da jaka ɗaya da ciwon baya. A zango, wato unguwar Hausawa, na sami barandar wani masallaci na ajiye kaina. Hausarsu ta ba ni dariya kwana ɗaya, daga nan ta fara ba ni kewa, don kana jin ta kamar ta gida amma ba ta gida ba ce. Abincinsu kuma yaji kamar suna fushi da kai. Na yi marmarin tuwon dawa da miyar kuka har na fara jin haushin kaina, ni da a gida in aka yi shi nake fita in sayi taliya.

Akwai wata mata mai sayar da shinkafa da wake a bakin masallacin, Mma Hawa. Kwana biyu tana ganina ina zagaya tukunyarta kamar mage. Ran na uku ta zuba min a ganye ta ce, "Kai ɗan Najeriya, ci, kada ka mutu a bakin sana'ata a ce ni ce." Na ba ta labari ina ci. Ta ce in je wurin Malam Tanko, ubansa ne yake riƙe wa sarkin zango littattafai a da.

Malam Tanko ya buɗe wata tsohuwar adaka. Littafin ɗaurin aure gara ta cinye shi, abin da ya rage ko rabin tafin hannu bai kai ba. Na ce shi ke nan, har gara ma tana bayan Alhaji Garba. Amma akwai wani littafin, na lokacin da sarki ya sa a bi gida gida a rubuta wanda ke ciki. Da ajami ne. Ni kuwa allo na gudu a izu biyu, boko na tsaya a aji huɗu, ko'ina rabi. Malam ya sa tabarau yana bi da yatsa, shafi bayan shafi, ina ta hamma. Can ya tsaya.

"Idi mai goro, mutumin ƙasar Kano. Mata ɗaya, Kulu. Ƙanwa ɗaya. 'Ya'ya maza biyu, Yakubu da Salihu."

Na ce ya maimaita. Ya maimaita. Salihu, Sale, Babana. Na fita waje na tsaya ina kallon kwata har idona ya bushe, sannan na dawo na ɗauki hoton shafin na tura wa Auwalu ya nuna wa baffansa. Amsar ta zo kafin in gama murna. Wai Alhaji ya ce Salihu nawa ne a duniya, kuma littafi ba ya zama a tabarma ya ba da aure.

Malam Tanko ya ce, "To ai Yakubun yana nan da rai. Layi uku daga nan."

Gida ne mai bene. Alhaji Yakubu dattijo ne fari fat da furfura, yana zaune da carbi. Na durƙusa na yi gaisuwa irin ta gida har sai da gwiwata ta yi ƙara. Ina faɗin sunan Kulu na ga carbin ya tsaya. Babban ɗansa ne ya karɓe zancen. Sadik sunansa, mai aikin kwamfuta, yana magana ta hanci.

"Duk bayan wata biyu sai wani ya zo daga Najeriya ya ce shi jikan gidan nan ne. Daga nan sai a fara maganar ɗaki, sai fili."

Na ce, "Yallaɓai, ni ko bokitin gidanku ba na so. Mutum nake nema ya zauna a tabarma minti goma."

Ya ce abu mai sauƙi ne, gwajin DNA. A ɗauki yawuna da na mahaifinsa, in kakanmu ɗaya na'ura za ta faɗa, shi zai ɗauki nauyi. Ya juya ya ce, "Ko ba haka ba, Baba?" Alhaji ya dubi ƙasa ya ce, "A yi."

Ina shirin fita sai wata murya daga lungu ta ce, "Wai wane ne mai kunnuwan nan kamar faifai? Zo nan mijina. Haka ake zuwa wajen amarya hannu biyu?" Tsohuwa ce ƙarama a kan tabarma, Hajiya Adiza, ƙanwar Idi da littafi ya ambata. Na ce, "Hajiya, ai sai na ga haƙora kafin in kashe kuɗina." Ta yi dariya har da tari. Ita kaɗai ta yi min dariya a gidan nan.

Aka goga mana auduga a baki, aka ce sati biyu. Sati biyun nan na yi su ina dakon huhun goro a kasuwa, wuyana kamar zai shige ciki. Baba in ya kira ba ya tambayar komai sai, "Ka ci abinci? Kana salla?" Rabi ce ta gaya min gaskiya, wai Alhaji Garba ya ce in ƙaramar salla ta wuce ba a ga kowa ba, akwai 'yan mata a Lakwaya. Tana faɗa tana dariya irin wadda ba dariya ba.

Ranar sakamako Sadik ya karanta da Turanci, ya fassara min da Hausa don kada in rasa ko kalma: ba dangantaka ta jini tsakanina da Alhaji Yakubu. Ko ɗigo. Ya ninke takardar ya miƙo min ya ce, "Ka gani ko? Allah ya kiyaye hanya." Alhaji bai ɗago kai ba.

Zan faɗi abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. A hanyar komawa masallaci, ni da kaina na yi wa Inna Kulu tunanin da mutanen Masanawa suke mata. Matar da take ɓoye min ƙuli-ƙuli a bakin zane. Na ce ko dai? Wannan "ko dai" ɗin ita ce ba zan yafe wa kowa ba a cikin labarin nan, har da ni.

Washegari da hantsi Mma Hawa ta ce tsohuwar gidan bene ta aiko in je, ta ƙofar baya. Na tarar da ita ita kaɗai tana tsinke zogale.

"Mijina ya yi fushi zai tafi ba sallama."

"Hajiya, yau ba na wasa. Na'ura ta ce ni ba naku ba ne."

"Na'urar ta ce kai ba na Yakubu ba ne. Ta yi gaskiya. Zauna."

Na zauna. Ta ce Yakubu ɗan aminin Idi ne. Uban ya mutu a hanyar fatauci, uwar ta bi shi, yaro ko yaye ba a yi ba. Idi ya ɗauko shi tun bai yi aure ba, ya ajiye mata a cinya ya ce ga ɗansa, duk wanda ya kira shi da wani suna bai yafe ba. Da masu littafin sarki suka zo, ɗa aka rubuta. "To me za a rubuta? Ɗan riƙo ai ba a faɗa, kai ma ka sani. Waɗanda suka sani duk sun mutu, saura ni." Ta ce Idi ya dawo daga daji ya tarar an kwashe Kulu da jariri, ya shirya bin su, zazzaɓi ya kwantar da shi, bai tashi ba. Ita Hajiya kuwa ba ta san garin Kulu ba, abin da ta sani kawai 'yar ƙasar Kano ce.

Na ce, "Shi Alhajin ya sani?"

Ta ci gaba da tsinke zogalenta.

"Hajiya, ya san ba Idi ne ya haife shi ba, ya buɗe baki aka sa masa auduga?"

"Ya sani tun yana saurayi. 'Ya'yansa ne ba su sani ba."

Na miƙe. Na ce to ai ga ki, ke jininsa ce, a gwada ni da ke. Ta ce, "In an gwada ka da ni aka ga naka ya hau, me Sadik zai tambayi ubansa? Ka wanke naka uban, ka tuɓe na wani a gaban 'ya'yansa."

Na ce nawa uban shekara hamsin yana tuɓe, ba wanda ya miƙa masa ko ɗankwali.

A rumfarsa ta goro na sami Alhaji Yakubu, yana yayyafa wa kaya ruwa. Ban gaishe shi ba, kuma a rayuwata ban taɓa tsayawa a kan dattijo ba gaisuwa ba sai ran nan.

"Alhaji, ka san abin da takardar nan za ta ce tun kafin a yi ta."

Ya sallami yaransa da hannu.

"Ka zauna kana jan carbi aka mai da kakata 'yar iska, aka mai da Babana shege, don kada a taɓa maka rawani. Kai da aka tsinta aka rufa maka asiri! Shi da aka haifa a gidan yana can yana ce wa wani ƙaton banza 'haka ne, Alhaji.' Wallahi da na san haka ne da takardar mai shayi na saya, shi wancan ɓarawon ai bai yi min salati ba kafin ya cuce ni."

Na jira ya kira a fitar da ni. Sai ya zauna a kan wani huhu, ya cire hula.

"Ni na riƙe shi ranar suna," ya ce. "Ina ɗan shekara bakwai. Aka ce Yakubu ga ƙanenka, kada ka yar. Ya yi min fitsari a sabuwar riga." Ya goge fuska da hular. "Yana da lafiya?"

"Yana da hawan jini. Ku kuka sa masa."

"Yaushe ne auren?"

"Babu aure. Ai ka soke shi jiya."

Ya kulle rumfa da rana tsaka ya ce in biyo shi. A tsakar gida ya tara 'ya'yansa da matarsa, ya faɗa musu da bakinsa, a tsaye, ba kwana-kwana. Ni da na zo da wuta sai na rasa inda zan sa idona. Sadik ya zauna a kan matakala ya riƙe kai. Da ya dawo hayyacinsa, abin da ya fara cewa shi ne to a gwada Hajiya da ni don a tabbatar. Tsohuwa ta ce, "Ni na wanke Kulu ranar da aka kawo ta, ni na dama kunun jegonta. Duk wanda ya zo min da auduga sai na cije shi da dasashi." Maganar gwaji ta mutu a nan.

Kwana huɗu muka yi a hanyar gida ni da Alhaji Yakubu. Ya yi amai a mota ya fi sau biyar, ni nake riƙe masa leda, kuma ban daina jin haushinsa ba sai wajen Zariya.

Da muka shiga gida Baba yana kan keke yana ɗinki. Na ce, "Baba, ga yayanka." Ya tashi, zare a wuya, ya rasa yadda ake yi, don bai taɓa yi ba. Sai kawai ya durƙusa. Mutum mai furfura, ya durƙusa har ƙasa yana cewa, "Sannu da zuwa, Yaya. Sannu da hanya, Yaya." Yana ta maimaita Yayan nan kamar mai koyon magana. Na fita na bar su.

Ranar ɗaurin aure a ƙofar masallacin Masanawa, Alhaji Yakubu ya sha wata shadda da ko a Kano sai an juyo. Liman ya ce ina waliyyin amarya. Alhaji Yakubu ya ce, "Ga ni. Wan ubanta ne, daga Kumasi." Alhaji Garba ya dubi shaddar, ya dubi agogon, ya dubi huhun goro biyu da aka sauke, sai ya kama hannunsa da hannu biyu yana cewa, "Allahu akbar! Ai jini ba ya ɓuya, ga kama nan sak! Mu dama mun san gidan asali ne."

Alhaji Yakubu da Babana ba su yi kama ba ko a yatsan ƙafa.

Alhaji Yakubu ya ce in rubuta yadda aka yi, shi ya gaji da ɓoyo. To ga shi na rubuta. Duk wanda ya san Alhaji Garba ya karanta masa a hankali, don ya ji da kyau: mutumin da ka rungume ba ɗigon jininmu a jikinsa, wanda kuma ka sa ya sunkuyar da kai a zaurensa shi ne ɗan Idi na cikinsa. Rabi tana ɗakinta da goyo, sunan yaron Salihu, kuma kai ka raɗa masa. In kana da sauran bincike, ina tasha, rumfa ta uku. Ka zo da cajarka.